Yadi Goma Sha Uku: Yadda Na Haɗa wa Yarana Kayan Makaranta a Kano

A ƙarshen watan Yulin 2024, ranar da aka ba da hutun ƙarshen shekara, babbar 'yata ta dawo gida da takardar sakamakonta, haɗe da wata takarda ta biyu da aka maƙala wa ƙananan ƙyallaye guda biyu a samanta. Ƙyalle ɗaya mai gidan dara ne, fari da shuɗi, ɗayan kuma shuɗi ne mai duhu. Takardar ta bayyana cewa duk mai bukata zai iya sayen ɗinkakken yunifom a ofishin makaranta, wanda kuma ya fi son ya kai wa telansa an yarda masa, muddin launin ya yi daidai da samfurin kuma ya sayi bajin makaranta ya liƙa a aljihun riga. A wannan shekarar yara biyu zan yi wa kaya, wato ita mai shekara bakwai da za ta shiga aji biyu na firamare, da ƙanenta mai shekara huɗu da zai fara nazare.

Shekarar da ta gabata ɗinkakke na saya mata, saboda ya fi sauƙi kuma ba ni da lokacin yawon kasuwa. Ranar farko ta yi kyau ƙwarai a cikinsa, amma kafin zango na biyu ya kai tsakiya rigar ta koɗe, ɗinkin hammata ya farke har sau biyu, wandon kuma ya ɗage sama da idon sawu. Da na juya bakin wandon domin in warware kalmasa in ƙara masa tsawo, sai na tarar ba a bar ko rabin inci ba. Ban ga laifin masu ɗinkin sosai ba, domin wanda aka ba kwangilar ɗinka wa ɗaruruwan yara kaya dole ya riƙa tsimin yadi, kuma awonsa bai wuce ƙarami da matsakaici da babba ba. Sai dai ni ce na biya kuɗin wando na biyu a watan Fabrairu, kuma wannan ya isa ya sa na yanke shawarar cewa a wannan karon da kaina zan zaɓi yadi, kuma a gabana za a auna yaran.

Da na gaya wa maigida, abin da ya fara tambaya shi ne ko ɗinkin zai fi araha. Na amsa masa da gaskiya cewa idan aka haɗa kuɗin yadi da na tela da na mota, bambancin ba shi da yawa, har ma yana iya ɗara na makaranta kaɗan. Ribar da nake hange ita ce kayan su kai ƙarshen shekara ba tare da an sake saye ba. Muka tsayar da magana cewa kuɗin makaranta da na littattafai za su fito daga albashinsa na ƙarshen Agusta, ni kuma in ɗauki nauyin sutura daga adashen da zan kwasa a tsakiyar watan.

Wurin tela na fara zuwa kafin kasuwa, kuma wannan darasi ne da na koya daga yayata, wadda ta taɓa sayen yadi da ka, aka zo yanka ya gaza da rabin yadi, ta koma kasuwa ta tarar irin launin ya ƙare. Telan unguwarmu dattijo ne da ya daɗe yana ɗinkin yara, shagonsa kuma bai fi tafiyar minti biyar daga gida ba. Awon yarinyar bai ba da wahala ba, ta tsaya cak kamar wadda za a ɗauka hoto. Yaron kuwa da ya ga an nufo shi da tef sai ya ɗauka allura za a yi masa, ya ruga bayan keken ɗinki, sai da aka ba shi guntun alli ya riƙe sannan ya yarda ya miƙe hannuwansa.

A nan ne muka ɗan yi ja-in-ja da telan, kuma ina ganin wannan zaman ya fi duk sauran matakan muhimmanci. Na ce masa ya yi kayan da girma sosai domin su kai shekara biyu. Ya ajiye tef ɗin ya ce, "Hajiya, idan na yi yadda kike so, yaron nan zai taka bakin wandonsa ya faɗi a harabar makaranta, kuma kafin ya girma ya cika rigar ta riga ta mutu." Shawararsa ita ce a yi faɗin jiki da ɗan sakewa kaɗan kawai, a ɓoye ƙarin a cikin kalmasa, wato a naɗe inci biyu a bakin wando da bakin rigar yarinyar, yadda idan sun yi tsawo za a warware a sauke. Ya kuma ce zai bar rara a ɗinkin gefe, domin a iya buɗawa idan sun yi ƙiba. Na ga hikimar abin, na amince.

Ni ma na kawo nawa sharuɗɗan. Na ce wandon yaron roba za a sa masa a ƙugu, ban da zif, ban da maɓalli, ban da madaurin bel. Yaro ɗan shekara huɗu idan fitsari ya matse shi ba ya jiran malama ta gama da sauran yara talatin ta zo ta kwance masa wando, kuma na sha ganin yaran maƙwabta suna dawowa gida da jiƙaƙƙen wando ba don komai ba sai don zif ya cije. Na kuma roƙe shi ya ninka ɗinki a hantsa da hammata da bakin aljihu, wuraren da suka fi saurin farkewa, ya sa manyan maɓallai a rigar yaron waɗanda ƙananan yatsu za su iya sarrafawa. Hijabin yarinyar kuwa na ce kada ya wuce gwiwar hannu da yawa, domin dogon hijabi a jikin ƙaramar yarinya yana shiga cikin kwanon abinci, yana kuma maƙalewa a ƙusar benci.

Daga nan ya ɗauki biro ya yi lissafi a bayan wata tsohuwar takarda. Mai gidan dara yadi shida, domin rigunan yarinyar biyu za su ci yadi ɗaya da rabi kowacce, na yaron uku kuma yadi ɗai-ɗai. Shuɗi mai duhu yadi huɗu, na wanduna huɗu, da 'yar rara. Farin yadin hijabi yadi uku. Jimla yadi goma sha uku ke nan. Ya ja mini kunne cewa lissafin wandon ya yi shi ne a kan yadi mai faɗin inci 60, idan kuwa mai inci 45 na samu to sai na ƙara. Riguna uku na yi wa yaron da gangan, saboda na san yadda yake cin abinci, kuma watan Satumba a Kano damina ba ta gama tafiya ba, rigar da aka wanke da yamma ba lallai ta bushe kafin safiya ba.

Ranar wata Talata da hantsi ni da ƙanwata muka hau a daidaita sahu zuwa Kantin Kwari. Duk wanda ya san kasuwar ya san cewa ba wurin shiga da ƙananan yara ba ne, saboda cunkoso da masu dako da ke ratsa mutane da diloli a ka, ga baƙin 'yan kasuwa daga Nijar da Chadi da Kamaru da ke sarin kaya. Saboda haka na bar yaran wurin kakarsu, na tafi da ƙyallayen samfurin a cikin jaka da takardar lissafin tela.

Ban taɓa sanin shuɗi yana da yawa haka ba sai a wannan rana. A shagon farko yaron shago ya kalli ƙyallen ya ce akwai, ya sauko da bandir, a ƙarƙashin fitilar shagon kuma ya yi kama da samfurin sosai. Ƙanwata ce ta ce mu fito da bakin yadin waje, muna fitowa hasken rana sai ga shi yana da ɗan ja-ja a cikinsa, alhali samfurin ya fi karkata zuwa baƙi. Mun shiga shaguna huɗu kafin mu dace. Mai gidan darar ma haka, wani launin ya yi daidai amma gidajen sun fi girma, wani gidajen sun yi daidai amma shuɗin ya yi haske. Mai kallo daga nesa zai ce wannan ƙaramin abu ne, amma idan yara suka jeru a layin safe, wanda launinsa ya bambanta shi ake fara gani, kuma yarinya mai shekara bakwai ta kai ta ji kunyar hakan.

Shagon da muka dace na wani dattijo ne mai haƙuri, wanda da ya ga ƙyallen ya ce iyaye da dama sun zo da irinsa a makon. Ya fito mana da iri biyu masu launi ɗaya, ɗaya mai araha, ɗaya kuma ya kusa ninka shi a kuɗi. Na tambaye shi bambancinsu, ya ce mai arahar zallar roba ce, ɗayan kuma tetiron ne mai haɗin auduga. Ban tsaya a kan maganarsa kawai ba. Na damƙe kowanne a tafin hannu na saki, na ɗaga su saitin rana domin in ga yawan saƙar, sai na ga mai arahar yana da sheƙi kuma haske yana ratsa shi sosai. Sannan na jiƙa farin hankici da ruwan leda na goga a gefen shuɗin mai duhu, domin yadin da zai zuba tun a nan yake nuna hali. Dattijon ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, da alama an taɓa cutar ki." Da kansa ya zare zare ɗaya daga kowane yadi ya sa musu ashana a bakin ƙofa. Na mai arahar ya narke ya dunƙule ya zama ɗan baƙin ƙulli mai tauri, ɗayan kuma ya ci wuta ya bar toka da ɗan ƙulli kaɗan.

Mai haɗin audugar na zaɓa, kuma dalilina zafi ne. Shekarar karatu tana farawa da sauran sanyin damina, shi ya sa iyaye da yawa suke mantawa cewa a cikin wannan rigar yaro zai zauna a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Kano kan kai digiri 40, a aji mai rufin kwano da ba kullum ake samun wutar fanka ba. Zallar roba ba ta shan gumi, tana riƙe zafi, tana kuma jawo ƙuraje a wuya da bayan yaro. Zallar auduga kuma, duk da daɗinta a jiki, tana yamutsewa, tana bukatar guga kullum, tana saurin koɗewa a hannun mai wanki. Haɗin biyun shi ne daidai da aljihuna da kuma ƙarfina, domin ni ce mai wankin, ni ce kuma mai gugar.

Ciniki ya ɗauki lokaci. Da ya faɗi kuɗin yadi ɗaya na yi tayi, ya ce albarka, na ƙara kaɗan, ya sake cewa albarka, ya kuma ɗauko waya ya nuna mini farashin dala na ranar. Ba sabon zance ba ne a wurina. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 aka kuma bar darajar Naira a hannun kasuwa a watan Yuni na shekarar, kusan komai da ake shigowa da shi ya tashi, yadin makaranta kuwa yawancinsa daga Chaina yake zuwa. Dattijon ya ce a zamanin ƙuruciyarsa daga masaƙun Kaduna da na Bompai da Sharada suke sarin irin wannan yadi, kafin akasarinsu su rufe. Ni dai na ce masa, "Alhaji, yadi goma zan saya a wurinka lokaci guda, kuma baɗi ma nan zan dawo in Allah ya kai mu." Ya ɗan yi shiru, ya rage wani abu a kan kowane yadi, ya sallama. Na tsaya a kansa har aka auna, na tabbatar kowane launi daga bandir ɗaya aka yanko shi, saboda rini yakan bambanta tsakanin bandir da bandir ko da sunansu ɗaya. Na kuma sa an buɗe yadin gaba ɗaya na duba ko akwai tabon ruwa ko zaren da ya tsinke. Farin yadin hijabi a wani layi muka same shi, marar nauyi amma ba shara-shara ba, kuma wannan bai ɗauke mu minti goma ba.

Da na dawo gida ban kai wa tela nan take ba. Na jiƙa kowane launi a bokitinsa daban, na bar su suka kwana, na ɗauraye, na shanya a inuwa. Duk yadin da ke da auduga yakan ɗan tsuke a wankin farko, kuma gara ya tsuke kafin almakashi ya taɓa shi. Ruwan shuɗin ya ɗan canza launi a jiƙon farko, na biyu kuwa ya fito fes, hankalina ya kwanta.

A makon ƙarshe na Agusta na kai ɗinkin, na ba da rabin kuɗi kafin alƙalami, muka yi alkawarin kwana goma. A nan ne na yi kuskuren lissafi, domin na manta cewa Maulidin shekarar zai faɗo ne a tsakiyar Satumba, kusa da komawa makaranta. A Kano wannan lokaci ne da makarantun Islamiyya da dama suke ɗinka wa ɗalibai anko, iyaye kuma suna yi wa yara sababbin kaya na Maulidi da Takutaha. Da kwana goman suka cika na je na tarar da yadina a ninke yadda na kawo shi, ga tarin yadin anko har kusa da rufi, ga wuta babu, yaransa biyu suna ta taka keken ƙafa. Ya ba ni haƙuri, ya ce jibi. Jibin ta zo aka ce gata. Ban yi faɗa ba, saboda na lura cewa faɗa da tela ba ya sa allura sauri, sai dai ya sa a yi maka aikin gaggawa. Abin da na yi shi ne na roƙe shi ya fara gama saiti ɗai-ɗai na kowane yaro, sauran su biyo baya, na kuma riƙa biyawa ta shagon kowace yamma in gaishe shi in wuce. A rana ta huɗu ya ce in turo yaran gwaji.

Gwajin ya yi amfani, domin wuyan hijabin ya matse wa yarinyar haɓa har ya bar mata shaida a kumatu, robar wandon yaron kuma ta yi sako-sako. A take ya gyara duka biyun. Na sa yaron ya tsuguna, ya ɗaga hannuwa sama, ya kuma sauke wandon ya mayar da kansa sau biyu a gabanmu, abin da ya ba yaran shagon dariya, amma ni shi ne gwajin da na fi damuwa da shi.

Takalmi ne ya ba ni wahalar da ban zata ba. Makarantar ta ce baƙin takalmi rufaffe da farar safa. Na bi tsohuwar dabarar iyayenmu, na auna tafin ƙafar kowane yaro da tsinken tsintsiya na karya daidai tsawonsa, na tafi kasuwar Sabon Gari da tsinkaye biyu a jaka. Na yarinyar ya yi daidai. Na yaron kuwa tsawon ya yi, amma ƙafarsa mai faɗi ce kuma mai tudu, abin da tsinke ba zai iya faɗa ba, takalmin ya ƙi shiga sam. Allah ya sa na yi sharaɗi da mai shagon cewa zan iya dawowa in canza muddin ba a taka shi a ƙasa ba. Washegari na ɗauki yaron da kansa, aka gwada masa da safa a ƙafa, na danna babban yatsana a gaban takalmin na tabbatar akwai sarari kamar faɗin yatsa tsakanin yatsunsa da bakin takalmin. Na zaɓi mai maɗauri na manne maimakon mai igiya, saboda bai iya ɗaurin igiya ba tukuna. Safa kuwa rabin dozin na saya wa kowannensu, duka iri ɗaya, domin idan ƙafa ɗaya ta ɓace a haɗa da wata.

Daren da za a koma makaranta na zauna da allura da zare na ɗinke bajojin da na sayo a ofishin makaranta, domin telan ya manta da su, ni ma na manta ban tuna masa ba. Na rubuta sunan kowane yaro da alƙalamin da ba ya gogewa a cikin wuyan riga da ƙugun wando da gefen hijabi da cikin takalmi. A ajin nazare yara sukan cire takalma su tara a bakin ƙofa, baƙaƙen takalma talatin masu kama ɗaya kuwa ko uwa ba ta iya bambanta su cikin gaggawar tashi. Wuta ba ta zo ba a daren, sai da na hura gawayi na yi guga da dutsen guga na gargajiya, ina shimfiɗa tsohon ɗankwali a kan yadin saboda tsoron kada zafi ya sa shi sheƙi.

Da safe suka shirya, mahaifinsu ya ɗauke su hoto a ƙofar gida, kakarsu ta sa musu albarka. Da azahar yaron ya dawo da manja a gaban riga tun daga wuya har ciki, da takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, na cire rigar na wanke ta nan take domin gobe. Sauran kayan sun fito daga wurin tela bayan mako guda, na biya cikon kuɗinsa.

Da hunturu ya shigo a watan Disamba sai da na sake komawa kasuwa neman suwaita mai launin wandon, abin da ban sa a lissafin farko ba. A hutun ƙarshen zango na biyu kuma na lura idon sawun yarinyar ya fara leƙowa, sai na mayar da wandunan wurin telan ya warware kalmasar ya sauke inci ɗaya da rabi. Wurin da aka sauke ya ɗan fi sauran duhu, saboda bai sha rana da sabulu ba, kuma layin tsohon ninkin yana nan ana gani idan an matso kusa. Yarinyar ta yi ƙorafi a ranar farko, na ce mata ta duba wandunan 'yan ajinsu da kyau. Da ta dawo ta ce ta ƙirga mutum biyar masu irin layin.